Abin Da Na Gani A Wasan 'Yan Makaranta

Ni akawu ne a ofishin hakimi, watau irin aikin nan da iyayenmu ke kira aikin En'e kafin a sauya tsarin ƙananan hukumomi a 1976. Na shekara 20 da 'yan kai ina fama da alƙalami da fayil, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi hoton wani bai bi ta hannuna ba. Mai neman takardar shaidar asalin gari, da mai neman ta haihuwa, da mai neman a tsaya masa wajen ɗaukar aiki, kowa da ɗan fasfonsa a hannu. Aikina in dubi hoto, in dubi mai shi, in tabbata shi ne, sa'an nan in buga hatimi. Saboda haka na ɗauka babu abin da za a koya mini game da hoto. Ashe akwai ranar da wani hoto zai zo hannuna in kasa gane mai shi, alhali kuwa a gidana ta ke kwana. Labarin da zan ba ku ke nan, ko Allah ya sa wani uba ya ƙaru da shi.

Ina da 'ya, shekarunta 15, tana makarantar sakandare ta 'yan mata. Ba na faɗin sunanta, gama ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata na ke ce mata. Ba suna kaɗai ta ɗauko ba, har kama. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, baƙa ce mai sheƙi, mai faffaɗan hanci, mai wushirya, in ta yi dariya sai duk gida ya ɗauka. Haka yarinyar nan ta fito, kamar an tsaga kara. Tun da tsohuwa ta rasu, in na so ganinta sai in dubi jikarta.

Bara da ƙaramar Salla kawunta ya zo daga Ikko ya kawo mata wayar hannu, irin mai shafe-shafen nan. Ban so ba, amma ban iya mai da kyautar suruki ba, na kuwa ce a raina ai ga ta nan a gida, me zai faru? Ana nan, wata rana da dare, wajen ƙarfe 1, an ɗauke wuta, na fito kewayawa, sai na hangi haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinsu. Na tura ƙofa, na iske ƙannenta suna barci, ita kuwa tana zaune ta lulluɓa da mayafi, ta ƙura wa waya ido. Na miƙa hannu, ta ba ni, ba ta ce uffan ba.

Da gari ya waye na zauna na duba. Ban sami wata magana ta ɓatanci ba, alhamdu lillahi, sai hotuna, kuma duk na mutum guda. Na ƙirga 63 waɗanda aka ɗauka cikin yini ɗaya, a gindin bango ɗaya, da gyale ɗaya, sai dai a nan an karkata kai dama, a can an karkata hagu. Cikinsu akwai guda wanda aka fitar wa duniya ta gani. Wata yarinya ce fara sol, mai siririn hanci, mai manyan idanu, ta tsuke baki kamar an hana ta magana. Na kira uwarta na ce, "Wace ce wannan kuma?" Ta duba, ta yi shiru, kana ta ce, "Malam, ai 'yarka ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira ta na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata irinsa ba. Na ce wannan son a sani ne, da rashin kunya, da raina halittar Allah. Na ɗauke wayar na kai ofis, na kulle ta cikin aljihun tebur tare da hatimi. Yarinya ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kan gaishe ni da safe, ta kawo mini abinci, kanta a sunkuye, ta koma. Na ce madalla, magani ya ci. Ban sani ba na kashe maciji ne ban sare kansa ba.

A ofishinmu akwai wani saurayi mai kula da kwamfuta. Na yi ta tambayarsa, ya yi ta ba ni bayani, ya kuma buɗe mini waɗansu jaridu na karanta da kaina. Bari in gutsura muku abin da na fahimta, don wanda bai san dawan garin ba.

Wannan abu shi a ke kira hoton ɗauki-kanka, yara kuwa su kan ce selfi, watau mutum ya miƙe hannu da waya ya ɗauki fuskarsa ba tare da mai hoto ba. Ɗaukar hoton kai ba yau aka fara ba. Tun a 1839 wani mutumin Amurka mai suna Robert Cornelius ya kafa akwatin hoto a birnin Filadelfiya, ya buɗe idon akwatin, ya tsaya a gabansa cak har hoto ya kama. Amma a zamanin nan sai mai hali da mai sani. Wayar salula ba ta shigo hannun jama'a a Nijeriya ba sai 2001, kuma a lokacin magana da aika saƙo kurum a ke yi da ita. Shekarar 2010 ita ce ta juya al'amari. A cikinta ne kamfanin Apple ya fito da iPhone mai ido a gaba, yadda mutum zai riƙa kallon fuskarsa yana ɗauka kamar mai duba madubi, a cikinta kuma aka buɗe Instagram, watau dandalin da a ke baje hotuna a intanet. Kafin a yi haka abin ya game duniya, har a 2013 masu ƙamus na Oxford a Ingila suka zaɓi kalmar selfi ta zama kalmar shekara.

Abu biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko shi ne filta. Wata dabara ce cikin waya wadda ke gane inda ido da hanci da baki su ke, sa'an nan ta goge ƙuraje, ta haska fata, ta rage hanci, ta ƙara ido, duk kafin ƙiftawa da bismilla. Na biyu shi ne layik, watau alamar da mai kallo ke dannawa don ya nuna hoto ya gamshe shi, kuma a kan rubuta jimlarta a ƙarƙashin hoton kowa ya gani. Yaro ya sa hoto, sai ya zauna yana jiran ƙidaya, kamar ɗan jarrabawa mai jiran sakamako. Masu dandalin kuwa da talla su ke samun kuɗi, gwargwadon daɗewar mutum yana kallo, gwargwadon tallan da za su nuna masa. To, ka ji dalilin da ya sa ba su son a ajiye waya.

Su da kansu sun san akwai illa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, wanda shi ne ya sayi Instagram tun 2012, mai suna Frances Haugen, ta fitar da takardun binciken da kamfanin ya yi a ɓoye. A ciki an ga cewa 'yan mata 32 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce in suna jin haushin surar jikinsu, Instagram ya kan daɗa musu haushin. Ƙasar Ostareliya ma har doka ta kafa a 2024, ta fara aiki a Disamba 2025, wadda ta hana a bar yaron da bai kai shekara 16 ba ya buɗe shafi a irin waɗannan dandali. Da na ji haka sai na ƙara sakankancewa na yi daidai. Na ce abin da gwamnati guda ta yi da doka, ni na yi shi da makulli.

Bayan kamar mako 6 sai aka aiko da takarda daga makarantarsu, ana gayyatar iyaye bikin rabon kyaututtuka, kuma wai 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo za su yi wasa. Uwarta ta ce mini yarinya tana ciki, ta kuma roƙa a ba ta aron zanen saƙi da sandar tsohuwa waɗanda na adana cikin adaka. Na yi jim, kana na ba da.

Ni dai ba baƙon wasan kwaikwayo ba ne, haka ku ma. Wane ne cikinmu bai yi tashe ba in azumi ya kai kwana 10, ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya bi gida gida ana dariya? A ƙauyuka akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu, a fada kuma akwai wasan gauta, inda a kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsu, su ga halinsu su yi dariya, mai hankali kuwa ya gyara. Da makarantun boko suka zo sai aka ɗora a kan wannan. Malam Aminu Kano, sa'ad da ya ke koyarwa a Midil ta Bauci cikin shekarun 1940, ya kan shirya wa ɗalibansa wasanni masu zungurar manya. Shu'aibu Maƙarfi kuma ya rubuta Zamanin Nan Namu, wanda aka buga a 1959, don nuna yadda zamani ke ja da tarbiyyar gida. Duk na san wannan. Amma na tafi bikin nan ne da tunanin za a nuna wa yara wautarsu, ni kuwa in zauna in gyaɗa kai.

Aka gama jawabai, aka raba littattafai da kofuna, aka ja labule, wanda zannuwan gado biyu ne aka ɗinke. A tsakiyar dandamali an kafa wani katako mai kusurwa huɗu, tsawon mutum, an shafe shi da baƙin fenti ya yi kama da waya. A gefe ga 'yan mata kamar 12 a tsaye bisa benci, kowace tana riƙe da kwali mai zanen babban yatsa. Sai wata yarinya ta fito da kayan gida, ta tsaya gaban katakon, ta miƙa hannu ta ce, "Ƙyas!" Nan take wata ta ɓullo daga cikin katakon, tsawonsu ɗaya, amma ta sha leshi da sarƙa, an shafe fuskarta da hoda fari fat. Ita ce Hoto. 'Yan benci suka ɗaga kwalaye suna guɗa, jama'a suka tuntsire da dariya.

Wasa ya yi ta tafiya. Ƙawaye suka zo gayyatar biki, suka wuce Yarinya kamar ba su gan ta ba, suka rungume Hoto suka tafi da ita. Kullum Yarinya ta ce "Ƙyas," sai a ƙara wa Hoto hoda, ita kuwa ta ƙara matsawa lungu. Wata rana kwali 3 kaɗai aka ɗaga, sai ta ƙi cin abinci. Wata rana kuma ta kwance kuɗin da aka aike ta da su cefane, ta sayi man bilicin, wai don ta kamo Hoto. A nan dariyar mata ta ragu, na ji wata a bayana tana cewa, "Wallahi haka su ke yi."

Sai ga Uba ya shigo. Wata doguwar yarinya ce aka sa wa babbar riga da hula, ta saƙala alƙalami a kunne, ta rungumo fayil har haɓa. Ta zauna, ta yi gyaran murya, ta shiga juya takardu. Yarinya ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo ta biyu a ajinmu." Uba bai ɗaga kai ba, ya ce, "To, madalla, ajiye nan." Ta ce, "Baba, a makaranta ana ce mini gawayi." Ya ce, "To, madalla, ajiye nan." Ɗaki ya kaure da dariya, har da tafi. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai dariyar ta maƙale, gama na san mai wannan magana. Ba a yi kwana 7 ba da na faɗe ta, kuma alƙalami na nan saƙale a aljihuna. Can sai Hoto ta gifta ta gaban Uba, ya ɗaga kai a karo na fari, ya daka tsawa ya ce, "Wace ce wannan a gidana?" Ya sa aka kawo sarƙa da kwaɗo aka ɗaure katakon, ya koma kan fayil ɗinsa. Yarinya kuwa tana lungu inda ta ke, bai ko waiwaye ta ba.

Daga ƙarshe aka kashe fitilun ɗakin, wata murya ta ce caji ya ƙare. Hoto ta faɗi rim, 'yan benci suka sauka suka watse, ba ko sallama. Sai ga wata tsohuwa ta fito da 'yar fitila, tana dogara sanda, tana ɗan jan ƙafar hagu. Gabana ya faɗi. Zanen na san shi, sandar na san ta, amma tafiyar nan da muryar nan ban ba kowa aronsu ba. Ta sunkuya kan Hoto, ta shafa fuskarta, ta dubi hodar da ta maƙale mata a hannu, ta ce, "A'a, wannan ba tawa ba ce." Ta yi ta lalube har ta kai lungu, ta shafa fuskar Yarinya tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ga tawa nan. Yi mini dariya in gani." Da tsohuwar ta juyo wajen jama'a ita ma ta yi dariya, sai ga wushiryar mahaifiyata a fili. Na sunkuyar da kai, na yi kamar hula na ke gyarawa.

Kashegari bayan la'asar na sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, na kira ta. Na ce, "Uwata, uban nan na cikin wasa, ni ne?" Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Baba, Malama ce ta ce kowa ta kawo abin da ta ke gani a gidansu. Mu 9 muka kawo uba iri ɗaya, sai aka haɗa." Na ce, "Maganar gawayi fa?" Ta yi shiru, can ta ce tun tana aji ɗaya waɗansu ke kiranta haka, kuma ta taɓa zuwa za ta gaya mini ta iske ina aiki. Ta ce ranar da ta fara sa filta, waɗanda ke tsokanarta su ne suka fara danna mata layik. Na tambaye ta yadda aka yi ba ta ji kunyar fitowa da zanen tsohuwa gaban mutum fiye da 300 ba, alhali tana ɗaukar hoto 63 kafin ta yarda da guda. Ta ce, "Baba, a wasa kowa ya san ba ni ba ce, in an ja labule sai in tuɓe in koma ni. Na waya kuwa ba a jan labule."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe adaka, na ɗauko wani hoto na miƙa mata. Nawa ne, na shekarar da na ke neman uwarta. Kwat ɗin da ke jikina na abokina ne, agogon na mai hoto ne, na ɗora hannu bisa wani tarho wanda ba shi da ko igiya, a bayana kuma ga zanen gidan sama da jirgi. Ta duba, ta dube ni, ta yi ta dariya har da hawaye. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kowane yaro mai tasowa ya kan so ya gwada fuskoki, ya ji wadda mutane za su karɓa, mu ma mun yi. Sai dai mu sau ɗaya a shekara mu kan yi, mu biya mai hoto, mu mai da kwat ga mai shi, kuma mutum 5 ko 6 ke gani, dukansu sun san mu. Na yanzu kuwa kullum ne, dare da rana, gaban mutanen da ba su san su ba, ga kuma ƙidaya a rubuce. Zanen aro ba ya rufe katara, amma yaron da ba a taɓa yaba masa nasa zanen ba, me zai hana shi aro?

Na dawo mata da wayar, bisa sharaɗi. Daga sallar isha'i tana kwana a ɗakin uwarta, ba a zuwa da ita makaranta, kuma an rufe shafin sai waɗanda muka sani ke gani. Ni ma aka kafa mini nawa sharaɗin, ba na shigowa gida da fayil. Ba zan ce muku an gama ba. Har yanzu ta kan sa filta wani lokaci, ni ma har yanzu "ajiye nan" ta kan suɓuce mini, sai ƙannenta su kwashe da dariya. Amma yanzu in wani abu ya dame ta ta kan zo zaure ta zauna, kuma ta ce baɗi ita za ta rubuta wasan da kanta.

Saboda haka, 'yan'uwana iyaye, ga 'yar shawarata. Sa ido kan wayar yaro wajibi ne, kada a yi sake da shi. Amma kafin ka yi faɗa a kan hoton, dubi mai hoton tukuna, ka tambaye ta abin da ya sa ta ke gudun fuskarta. In kuwa an aiko maka da takardar wasan makaranta, ka daure ka je, ko da za ka bar kasuwa ko gona na yini guda. Mu kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani daga ƙasa, wanda kunya ba ta barinsa ya faɗa maka sai ya sa babbar riga da gemun auduga. Malaman da ke ɓata lokacinsu suna shirya wa yara irin wannan wasa kuwa, Allah ya saka musu da alheri.

Da babbar Salla yarinyar ta zo ta ce, "Baba, matso mu ɗauka." Na matsa, ta miƙa hannu, na ce, "Ban da filta." Ta ce, "To, kai ma cire alƙalamin." Muka yi dariya, ta danna. Na sa an wanke mini shi, yana nan ƙarƙashin gilashin teburina a ofis, kusa da hatimi. Wanda duk ya san tsohuwa, in ya gani ya kan ce, "Allah sarki, ga Hajiya nan ta dawo." Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, amin.